Zakka da Faifan Mahaifiyarsa

Shekara ashirin da biyar na yi ina faɗa da Zakka, amma in aka ce in nuna aboki ɗaya a duk ƙasar Gumel, shi zan nuna. Sunana Hamma, malamin dabbobi ne ni, Bafulatani daga wata ruga a gefen Ɗanzomo. Shi kuwa Kirista ne daga wani ƙauye a cikin duwatsun kudancin Kaduna, can gaba da Kafanchan. Ya sauka a Gumel a 1974 da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar shaidar ya iya buga tafireta, aka ɗauke shi akawu, ya kama ɗakin haya jikin nawa. Washegari da safe ya fito da soso da sabulu yana tambayata ta ina ake bi a je rafi. Rafi, a Gumel! Na yi dariya har da hawaye, sannan na miƙa masa guga na nuna masa rijiya. Daga ranar muka ƙulla.

Ban taɓa ganin mai tsantseni a kan takarda kamarsa ba. Da yatsu goma yake bugu, ba ya kallon haruffa. In ya yi kuskuren ɗigo ɗaya a layin ƙarshe, ba zai shafa farin ruwan gyara ba, yage takardar zai yi ya faro daga sama. Na sha ce masa, “Haba Akawu, wa zai ga wannan ɗigon?” Sai ya ce, “Ni na gani, Likita.” Likita yake ce mini don tsokana, wai ni ne likitan da marasa lafiyarsa ba sa iya kai ƙara. An kai shi Maigatari, an kai shi Sule Tankarkar, an dawo da shi Gumel, kuma duk ofishin da ya bari sai an yi kewar bugunsa. Ya auri Juliana, malamar firamare, suka haifi Chris da Lovelyn, yaran da suka tashi suna Hausa fiye da ni.

Laifinsa ɗaya ne, kuma a kansa muka yi rabin faɗanmu. Ba ya zuwa gida.

Ba wai ya manta da mahaifiyarsa ba. Ranar ɗaya ga kowane wata sai ya zauna ya buga mata wasiƙa shafi biyu, tsaf, babu ko gogewa. Ita kuwa tsohuwar ba ta yi boko ba. Ƙanwarsa Dinah, wadda ta zauna da ita a ƙauye, ita ke karanta mata, ita ke rubuto amsa da biro. Waya babu, balle a ce a ji murya. Zuwansa na ƙarshe a 1987 ne, da aka binne mahaifinsa. A lokacin tsohuwar ta riƙe hannunsa ta ce ya dawo gida ya kama gonar ubansa, ya ce mata baɗi. Da baɗin ta zo bai shirya ba, sai kunya ta hana shi zuwa ko Kirsimeti, don bai san da wane ido zai kalle ta ba. Shekara ta biyu kunyar ta ninka. Haka abin ya yi ta taruwa har ya fi ƙarfinsa.

Na ce masa, “Zumunta a ƙafa take, Akawu. Takarda ba ta durƙusa ta gaida uwa.”

Ya ce, “Likita, ka je ka duba shanunka.”

Na yi fushi na daina yi masa magana kwana uku. Ya kamata in yi fiye da haka. Ya kamata in ɗaure shi kamar ɗan maraƙi in jefa shi a motar Kano, amma ban yi ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

A 1996 ya ajiye aiki ya sayo kwamfuta daga Kano, ya kama shago kusa da tasha, ya ajiye ɗan janareta a bayansa. Mutum ya doshi hamsin, furfura ta fara fita, ya zauna da wani littafi mai kauri kamar bulo yana koya wa kansa. Mutane suka ce Akawu ya zautu. Kafin shekara ta zago ɗalibai suna layi a ƙofarsa da takardun kammala karatu, dillalan Maigatari suna kawo takardun yarjejeniya, har katin biki yake yi. Kwamfutar tana aiki da abin da ake kira Windos, tana da wurin saka faifai da wasu ƙananan lasifika biyu da bai taɓa amfani da su ba, ya lulluɓe su da tsumma.

Cikin damina ta 1998 wasiƙar Dinah ta iso. Mama ta rasu. Wasiƙar ta yi sati uku a hanya, ka ga kenan har ciyawa ta fara tsirowa a kan kabarin kafin ɗanta ya sani. Ranar ya tafi, bai ko tsaya ya canja riga ba. Tafiyar da ta gagare shi shekara goma sha ɗaya, ya yi ta a yini ɗaya.

Ya dawo bayan sati biyu ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na je gaisuwa, muka zauna a bencin ƙofar shago. Can ya ce, “Hamma.” Da na ji ya kira sunana ba Likita ba, na san maganar mai nauyi ce. Ya ce, “Ina rufe ido in ga fuskarta. Amma in na ce bari in ji muryarta, sai in ji shiru. Na yi ta nema, babu.”

Sai ya ba ni labarin da Dinah ta ba shi. Shekara biyu kafin rasuwar, wani Bature ɗalibi ya zauna a ƙauyensu yana ɗaukar waƙoƙin da mata ke yi a bakin dutsen niƙa. Mama ce ta fi kowa sanin su, ta yi masa waƙa tana niƙan tamba, wani ƙaramin hatsi da suke nomawa, ya ɗauka da na'urarsa, ya bar adireshi a bayan wani kati. Zakka ya dawo da katin a aljihun gaba. Ya buga wa Baturen wasiƙa a yammacin nan, ya yage uku kafin ta huɗu ta yi masa.

Amsa ta zo a farkon 1999, ƙaramin kunshi daga gidan waya. Faifan sidi ne guda, da 'yar takarda. Baturen ya yi ta'aziyya, ya ce waƙar minti tara ce, ya ce shi da kwamfutar Makintosh yake aiki, amma ya kwafo ta a faifan da kowace kwamfuta za ta iya gani. Mutumin kirki, ya yi nufin alheri. Sai dai da na gan shi daga baya, da na ce masa, bawan Allah, me ya hana ka juya ta a kaset kamar kowa?

Zakka ya aika aka kira ni. Ya wanke hannu kafin ya taɓa faifan, ya cire tsumman kan lasifika, Juliana ta bar makaranta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ya saka faifan. Kwamfuta ta nuna akwai abu ɗaya a ciki, fayil ɗaya, har da nauyinsa. Ya danna sau biyu. Maimakon waƙa sai ta fito da tambaya, wai da me za ta buɗe wannan abu, ba ta san ko mene ne ba.

Na ce, “To ka gaya mata waƙa ce mana.”

Ya ce ita ba haka take ganewa ba. Windos tana sanin fayil ne da wasu haruffa uku da ake maƙala wa a ƙarshen sunansa kamar wutsiya, Makintosh kuwa ba ruwanta da wutsiya, shi ya sa wannan ya zo gundul. Ya kwafo fayil ɗin cikin kwamfutar, ya ɗora masa haruffan da ake sa wa sauti, ya sake dannawa. Ta ce fayil ɗin ya lalace. Ya canja wasu haruffan, ta ce ya lalace. Muka kai faifan wurin mai sayar da kaset a tasha, ya saka a babbar rediyonsa, ta juya ta juya ta tofo shi. Juliana ta koma makaranta tana share ido da bakin mayafi.

Sati guda yana fama. Daga ƙarshe ya ce tunda a Makintosh aka haife shi, sai a kai shi wurin danginsa. Ya ji labarin wata maɗaba'a a Kano da ke da irin kwamfutar. Na ɗauki hutu na bi shi, don ban yarda in bar shi ya yi tafiyar shi kaɗai ba. Motar ta yi faci a kusa da Gagarawa, muka yi awa biyu a gindin wata aduwa, shi yana rungume da jakar faifan kamar mai jego.

Mai kula da kwamfutar maɗaba'ar wani saurayi ne da ake ce wa Dogo, kuma lokacin zaɓe ne, hotunan 'yan takara sun cika masa tebur har ƙasa. Da farko ya ce mu dawo bayan wata guda. Ni na buɗe baki zan yi masa tas, Zakka ya taka mini ƙafa, ya ce a hankali, “Ɗana, muryar mahaifiyata ce a ciki. Ta rasu ban je ba.” Dogo ya ture hotunan gefe ya karɓi faifan.

Ita ma Makintosh ɗin ta ƙi.

Dogo ya yi ta dube-dube, can ya jingina da kujera ya ce ya gano. Ya ce irin wannan fayil a Makintosh kashi biyu ne a haɗe. Kashi ɗaya shi ne sautin kansa. Ɗaya kuma ɗan ƙarami ne, shi ke ɗauke da bayanin yadda za a karanta sautin. Windos ba ta san da wannan ƙaramin kashin ba, don haka ranar da Baturen ya kwafo fayil ɗin a faifan da Windos za ta gani, a ranar ƙaramin ya faɗi. Yanzu ko an dawo da shi gidansu, ba a san shi ba.

Na ce, “Wato saniya ta tsallako iyaka, takardarta ta faɗi a hanya, 'yan kwastan na can ba su san ta ba, na nan ba su san ta ba.”

Dogo ya ce, “Baba, ka fi ni iya faɗa. Amma saniyar tana nan da ranta.” Ya ba Zakka wani faifai mai ɗauke da manhajar gyaran sauti, ya ce tana iya buɗe sauti tsirara, sai dai za ta yi masa tambayoyin da ƙaramin kashin ne ya kamata ya amsa, shi kuma sai ya yi ta canka. Ya ƙi karɓar ko sisi, har ruwan sanyi ya saya mana.

Zakka ya sake rubuta wa Baturen yana neman bayanin. Bayan wata biyu wasiƙar ta dawo da hatimi a bayanta, ba a sami mai ita a wannan adireshi ba. Ɗalibi ne, ya gama ya kama gabansa.

Amma Zakka bai zauna jiran amsa ba. Kullum in ya sallami masu takardu bayan la'asar, sai ya bar janareta a kunne ya buɗe manhajar. Ranar farko ina wurin. Ta jero tambayoyinta, ya amsa yadda ya ga dama, ya danna. Wani irin ruri ya fashe daga lasifikar, kamar ruwan sama mai ƙarfi a kan kwano. Akuyar da ke kwance a ƙofa ta zabura ta tsinka igiya. Na toshe kunne na ce ya kashe. Bai kashe ba. Ya rage ƙarar, ya kara kunnensa a jikin lasifika, ya saurari rurin nan har minti taran suka cika, wai ko zai ji wani abu nata a ƙarƙashi. Na fita waje, don ban iya kallonsa a haka ba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a kan rurin nan. A littafinsa mai kauri ya tsinci amsar. Ya aiko Chris ya kira ni daga asibitin dabbobi, na zo hannuna yana warin magani. Ya ce sauti a kwamfuta lambobi ne, kuma kowace lamba gida biyu ce. Dangin Makintosh suna fara rubuta babban gida, dangin Windos suna fara rubuta ƙarami. Shi kuma duk kwanakin nan yana sa a karanta ta baibai.

Na ce, “Ajami ka ba ɗan boko, ya faro daga hagu.”

Ya dube ni ya ce, “Likita, ashe akwai kai a ƙarƙashin hular nan.” Ranar ce na fara ganin haƙoransa tun bayan rasuwar.

Ya juya tsarin ya danna. Ruri ya ɗauke. Sai ga wani sauti, gurr, gurr, dutse a kan dutse, ga kukan kaza daga nesa. Sannan murya ta shigo. Amma wace irin murya! Siririya, da gudu, kamar ɓera ya sha yaji. Zakka ya dafe kai.

Ranar kuwa yayata, Adda Rahamatu, ta shigo gari da nono, ta sauke ƙwaryarta a inuwar shagon kamar yadda ta saba. Ita ba ta san kwamfuta daga akwatin talabijin ba, amma ta shekara arba'in a bakin dutsen niƙa. Ta leƙo ta ce, “Baban Chris, wace ce wannan take niƙa kamar ana bin ta da bulala? Ko aljana ba ta niƙa haka.”

Zakka ya yi tsalle ya ba ta kujerarsa, ya ce mata mahaifiyarsa ce, ta zauna ta taya shi sauraro. Ya gano cewa ya gaya wa manhajar sautin na lasifika biyu ne alhali na ɗaya ne, shi ya sa take cinye shi biyu-biyu. Ya gyara. Saura tambaya ta ƙarshe, wato gudun da za a saki sautin. Ya yi mana bayani cewa na'urar ɗauka tana ɗiban sauti sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma dole a zuba shi da gudun da aka ɗebe shi. In aka rage, murya ta yi kauri ta ja, kamar kaset a rediyon da batirinsa ya mutu. In aka ƙara, ta sirance. Manhajar ta ba shi lambobi ya zaɓa.

Ya gwada dubu ashirin da biyu. Murya ta fito kamar ƙato a cikin rijiya. Adda ta ce, “Wannan barci take yi a kan dutsen.” Ya gwada dubu talatin da biyu. Ta ce, “Har yanzu hannun bai kai ba, garin zai kwana bai niƙu ba.” Saura biyu, dubu arba'in da huɗu da ɗari ɗaya, da dubu arba'in da takwas. Ya kunna ta farko, ya kunna ta biyu. Adda ta rufe ido tana kaɗa kafaɗa tana bin dutsen, ta sa ya maimaita sau uku. Sannan ta buɗe ido ta ce, “Duka biyun hannun mutum ne. Wannan ta ƙoshi, waccan ta gaji. Daga nan ilimina ya ƙare. Kai ne ɗanta, kai ka san muryar uwarka.”

Tazarar kaɗan ce, wallahi. A ta farko muryar tana da ɗan kaushi, tana ja, numfashi yana fita tsakanin baiti da baiti. A ta biyu ta ɗan ɗaga, ta yi haske, dutsen yana tafiya da ƙarfi. Zakka ya saurari ta farko fuskarsa ba ta motsa ba. Da ya kunna ta dubu arba'in da takwas sai ya matso kusa da lasifika. Ya ce, “Mama.” Ya sake cewa, “Mama ce.” Ya kifa kansa a kan tebur, kafaɗunsa suna girgiza. Adda ta ɗauki ƙwaryarta ta fita a hankali, ni ma na bi ta. Daga baya ya ce mini har littafin ya goyi bayansa, don yawancin na'urorin ɗauka irin na Baturen da wannan gudun suke aiki.

Ya adana ta a haka, ya juya ta a kaset. Watanni biyun da suka biyo baya, na ga abokina ya dawo. Yana bugu kaset ɗin yana yi a gefensa. Ya fara ba mu labaran da bai taɓa bayarwa ba, yadda take goya shi tana niƙa har barci ya ɗauke shi, yadda take ɓoye masa ƙanzo a ƙarƙashin ƙwarya. Ya fassara mini waƙar daga yarensu. Wai wata mata ce ta aiki ɗanta ya ɗebo wuta a maƙwabta, ya tsaya kallon birai a kan dutse, tuwo ya rasa wuta, tana kira tana kira. Ya faɗa yana dariya. Ni ban yi dariya ba.

Da Ista ta zo, Dinah ta kawo ziyara. Karonta na farko kenan a Gumel. Mace ce gajera mai ƙarfi, tafin hannunta kamar fatar ganga, ta zo da doya da ɗanyar citta a buhu. Zafin garinmu ya sa ta yini tana fifita da murfin kwano. Zakka bai gaya mata komai ba, so yake ya ba ta mamaki. Ranar Litinin da hantsi ya tara mu a shago, ni da Juliana da yaran, ya zaunar da Dinah a gaban lasifika, ya kunna daga kwamfutar kai tsaye don ta fi kaset fita.

Dutse ya fara, kaza ta yi kuka, murya ta shigo. Zakka yana tsaye yana kallon fuskar ƙanwarsa yana murmushi. Dinah ta karkata kai. Ta haɗa gira. Ta saurara har baiti biyu.

Ta ce, “Waƙar Mama ce. Amma Yaya, wace ce take yi?”

Ya ce, “Kamar yaya wace ce? Mama ce.”

Ta ce, “A'a. Ta yi kama da ita, kamar dai wata ƙanwarta. Amma ba ita ba ce.”

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ce lasifikar ce ƙarama, ya ce zafi ne ya dame ta, ya ce shi ba zai san muryar uwarsa ba? Har ya fara ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi wa mace ba. Dinah ta sunkuyar da kai ta ce, “Yi haƙuri, Yaya. Ni dai abin da kunnena ya ji na faɗa.”

A nan ne ni da bakina, wannan bakin nawa da ba ya iya zama a rufe, na ce, “Akawu, ba akwai ɗayar lambar ba? Wadda Adda ta ce ta gaji?”

Ya dube ni wani irin kallo. Da zan iya haɗiye maganar da na haɗiye. Ya zauna, ya buɗe fayil ɗin na asali, ya amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi dubu arba'in da huɗu da ɗari ɗaya. Yatsan da bai taɓa kuskuren harafi ba sai da ya danna sau biyu kafin ya samu.

Dutsen ya fara, a hankali. Muryar ta shigo da kaushinta da jan numfashinta. Ba ta kai ƙarshen kalmar farko ba Dinah ta zame daga kan kujera ta zube a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka tana kiran uwarta da yarensu. Ta ce ga tarin nan da take yi kafin amshi, ku saurara, yanzu za ta yi. Sai kuwa tsohuwar ta yi ɗan tari. Juliana ta durƙusa ta rungume ta, Lovelyn ta fashe da kuka ita ma, ita da ba ta taɓa ganin kakarta da wayo ba.

Zakka yana zaune, hannunsa a kan gwiwa, idonsa a bushe. Ya saurari minti taran har ƙarshe. Da sautin ya tsaya, ba abin da ake ji sai janareta a bayan shago.

Ya ce, “Dinah, yaushe muryarta ta koma haka?”

Ta share fuska da zaninta ta ce, “Ban sani ba, Yaya. Mu da muke gida ba mu ma san ta canja ba.”

Ya tashi ya kashe janareta da kansa, ya tsaya a bayan shagon ya daɗe. Na san abin da ke cin sa, don ni ma shi ke cina. Wata biyu yana kuka yana dariya da muryar da ba a taɓa ɗauka ba. Kuskuren lamba ne ya mayar masa da matar da ya bari tana da sauran ƙarfi, shi kuma ya karɓa hannu biyu, don ita kaɗai ya sani. Tsohuwar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana jiransa, da aka kawo masa ita har cikin shagonsa, ya saurare ta bai gane ta ba. Da na sani ƙeya ce, haka ake cewa, amma ban taɓa ganin ta taka mutum kamar ranar ba.

Ya juya wa Dinah ta gaskiyar a kaset biyu, ta tafi da su gida. Ni kuwa na yi kwana goma ban leƙa shagon ba, kunya nake ji, ina ganin ni na ƙwace masa abin da ya rage masa.

Ranar wata Alhamis da safe zan tafi kasuwar Maigatari duba shanu, na biyo ta tasha, sai na ji dutsen niƙa yana fitowa daga shagon, a hankali. Na jingine babur na shiga. Yana zaune shi kaɗai, bai buɗe wa kowa ba tukuna, takardun mutane suna jibge bai taɓa su ba. Ya ga ni, ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko kaset ɗin farko, mai muryar da ya zaɓa, ya miƙo mini.

Ya ce, “Tafi da shi. In yana nan, shi zan riƙa kunnawa.”

Na karɓa na sa a aljihu. Na ce, “Akawu, ka yafe mini. Da na yi shiru.”

Ya girgiza kai. Tsohuwar ta yi tarinta a cikin lasifika, ta ja numfashi, ta kama amshi. Ya ɗaga yatsa alamar in saurara, leɓensa yana bin ta a hankali, yana makara da rabin kalma.

Na ce, “Me kake yi haka?”

Ya ce, “Koyo nake yi, Hamma. Kullum da safe sau uku. Har yanzu in ta fara, sai in ji kamar uwar wani ce.”

Waƙar ta ƙare. Ya miƙa hannu ya mayar da ita farko.